Evangelion: amsoshin tambayoyin da kuka ishe ni da su

Tun ranar da na ce Neon Genesis Evangelion ne anime (wato shirin zane na Japan) ɗin da ya fi tsaya mini a rai, tambayoyi iri ɗaya ke ta dawowa kamar an haɗa baki. Na amsa a waya, na amsa a majalisa, bakina ya gaji. Ga su nan wuri guda, duk wanda ya sake tambaya nan zan turo shi.

Ba katun ɗin yara ba ne?

A'a. Zane ne, amma ba don yara aka yi shi ba.

Wa ya yi shi, kuma yaushe?

Hideaki Anno ne ya ba da umarni, a kamfanin Gainax na Japan. Tashar TV Tokyo ta fara nuna shi a Oktoban 1995, ya ƙare a Maris ɗin 1996. Kashi 26 ne, kowanne bai kai rabin awa ba.

Mene ne labarin?

A cikin labarin, wani bala'i ya auku a Antatika a shekarar 2000, ya cinye rabin mutanen duniya. A 2015 wasu manyan baƙin halittu suka fara kai wa birnin Tokyo-3 hari, ɗaya bayan ɗaya, kuma makaman soja ba sa ratsa su. Hukumar NERV ta tanadi wasu ƙattin abubuwan yaƙi da ake kira Eva, waɗanda sai yara 'yan shekara 14 ke iya tuƙawa. Shinji Ikari ɗaya ne daga cikin yaran, ubansa Gendo kuma shi ne shugaban hukumar. Iyakar abin da za ka ji daga bakina ke nan.

Me ya sa Shinji ya cika tsoro da kuka?

Wannan tambayar ce ke ɓata mini rai. Ku ji tsoron Allah. Yaron nan uwarsa ta rasu yana ƙarami, ubansa ya kai shi riƙo ya juya masa baya. Shekara uku ko ganinsa bai yi ba, sai ga takarda ɗauke da kalma ɗaya tak, wai ya zo. Ya zo da ɗan zaton ko uban ya tuna da shi ne. Sai ya tarar da mutumin tsaye can sama bayan gilashi, ko sannu da zuwa babu, yana ce masa ya shiga wannan ƙaton abu ya yi yaƙi, in ba zai iya ba ya koma inda ya fito. Da ya ƙi, sai aka turo wata yarinya, Rei, a kan gadon asibiti, jikinta duk bandeji, ko zama da ƙyar take yi, aka ce ita za ta shiga. Ginin ya girgiza ta faɗo ƙasa, ya ruga ya tallabe ta, ya duba tafin hannunsa ya ga jini. Abin da ya sa ya yarda ke nan. Wannan ne matsoraci?

Kuma ku tuna, duk raunin da aka ji wa Eva, mai tuƙin yana jin zafinsa a jikinsa. Aka karya hannun abin, yaron ne ke ihu. Ya dawo makaranta, ɗan ajinsu ya kai masa naushi saboda ƙanwar ɗan ajin ta ji ciwo a faɗan. A kashi na 12 uban ya yaba masa da 'yan kalmomi ta waya, yaron nan ya riƙe su kamar an ba shi duniya. Duk wanda ya taso a hannun riƙo, ko ya taɓa zaman jiran ranar da babansa zai ce "ka yi ƙoƙari", ba sai an yi masa bayani ba.

Eva ɗin butum-butumi ne da gaske?

Ka kalli kashi na 2, ka lura da abin da ke ƙarƙashin sulken. Abin da zan ƙara shi ne da igiyar wuta suke aiki, in ta tsinke minti biyar ya rage musu.

Ta ina zan fara, kuma wanne zan bari?

To, nan ne ba ni da amsa ɗaya, domin ya danganta da kai. Abin da na saba faɗa shi ne ka fara da kashi 26 na talabijin, daga 1 har ƙarshe ba tsallake, sannan ka kalli fim ɗin The End of Evangelion na 1997. Netflix ta ɗora su a 2019. Amma akwai ƙura a ƙarshen. Kashi na 25 da na 26 kusan duk a cikin zukatan yaran suke faruwa. Babu faɗa, sai magana da tambayoyi, wani wurin ma zanen fensir ne kawai, domin lokaci ya ƙure wa masu aikin. Mutane da yawa a Japan sun fusata, shi ne aka zo aka yi fim ɗin, wanda ya nuna ƙarshen ta fuskar abin da ke faruwa a waje. Don haka wasu za su ce maka ka tsaya a 24 ka wuce fim ɗin, ka dawo wa 25 da 26 daga baya. Ba zan ce sun yi kuskure ba, musamman in kai mai saurin gundura ne. Ni dai na fi son a bi yadda aka fitar da su, saboda fim ɗin na da nauyi ƙwarai, kuma in ka riga ka ga waɗancan biyun ka fi samun abin dafawa. In kuma a 'yan kwanakin nan ranka a dagule yake, ka ɗaga fim ɗin zuwa wani lokaci, da gaske nake. Sannan kashi na 21 zuwa 24 suna da iri biyu, na talabijin da wanda aka ƙara wa tsawo daga baya. Ka nemi mai tsawon in ka samu. Akwai wani fim, Death and Rebirth, shi ma na 1997, yawancinsa maimaici ne, ka bar shi sai in sha'awa ta kai ka. Sai finafinai huɗu na Rebuild, wato sabon zubin labarin, da kamfanin Khara ya fitar a 2007, 2009, 2012 da 2021, waɗanda aka ɗora a Prime Video. Na farkon kusan kashi 1 zuwa 6 ne aka sake zanawa, na biyun ya kauce hanya, na ukun ya yi tsallen shekara 14. Za ka iya farawa da su in tsohon zane na damun idonka, ba laifi ba ne, sai dai na ƙarshen ba zai taɓa ka yadda ya kamata ba in ba ka san na asalin ba. In datarka ba ta da yawa, kashe ta a kan 26 ɗin.

Na ji ana kiran dodannin "mala'iku". Ba taɓa addini ba ne?

Tambaya ce mai kyau, ba na jin haushinta. Kalmar Japananci ita ce shito, ma'anarta ta fi kusa da manzo, a Turanci ne aka ce mala'ika. Akwai sunan Adam da Lilith, akwai fashewa mai siffar gicciye. Mataimakin darakta Kazuya Tsurumaki ya taɓa bayyana cewa sun ɗauko alamomin Kiristanci ne don shirin ya bambanta da sauran na butum-butumi. Ba wa'azi ake yi a ciki ba. Duk da haka, in zuciyarka ba ta kwanta ba, bar shi, ba ka yi asarar komai ba.

Zan iya kallo tare da ƙanena ɗan firamare?

Kul. Akwai jini, akwai tsiraici, fim ɗin 1997 ya fi muni.

Na gama, amma kaina ya ɗaure. Ni ne ba na ganewa?

Kwantar da hankalinka, kowa haka ya yi. Ba sai ka haddace wane ne Adam, wace ce Lilith, me ƙungiyar SEELE ke ƙullawa ba. In ka gane misalin bushiya da aka kawo tun farko-farko, yadda biyu ke son matsowa kusa don jin ɗumi amma ƙayarsu na sukar juna, ka kama bakin zaren. Bar shi wata biyu ka sake kallo.

Asuka ko Rei?

Dukansu matuƙa Eva ne, yara ƙanana da aka tura yaƙi, ku daina tambayata wannan. Masu cewa Asuka fitsararriya ce kuma, tun daga kashi na 8 da ta bayyana kuke yanke mata hukunci. Ku jira na 22.