Girman taransfoma da ingancin sautin amfilifaya

Taransfomar wuta ita ce ɓangaren amfilifaya (na'urar ƙara ƙarfin sauti) da ke karɓar lantarkin gida, mai ƙarfin bolt 230 ko 120 gwargwadon ƙasa, ta sauya shi zuwa ma'aunin da na'urar ke buƙata, kafin a mayar da shi mai gudu ta fuska ɗaya a tara shi cikin manyan kafasitoci, wato ma'ajiyar wuta ta ɗan lokaci. Ana auna girmanta da ma'aunin VA, wato bolt (ƙarfin wuta) sau amfiya (yawan wutar da ke gudu). Sauti ba ya ratsawa ta cikinta, don haka tasirinta a kaikaice yake, kuma ba ya bayyana sosai sai an matsa wa na'urar.

Ƙaramar taransfoma da siririyar wayar jan ƙarfe ake naɗa ta, wadda ke tauye gudun wuta, shi ya sa ƙarfin wutar ke faɗuwa da zarar lasifika ta nemi da yawa. Domin fitar da wat 100 a lasifika mai om 8 (om shi ne ma'aunin tauye gudun wuta), amfilifaya na buƙatar kaiwa bolt 40 da amfiya 5 a ƙololuwar sauti, idan kuwa aka sa mai om 4 a kan bolt 40 ɗin nan, buƙatar amfiya takan ninka ta kai 10. A irin wannan lokaci ne, musamman wajen bugun ganga ko amo mai kauri da ya daɗe, wutar ke gazawa, sai kan sautin ya yanke, a ji shi a dishe, taransfomar kuma ta ɗauki zafi. Kafasitoci na cike giɓin na ɗan lokaci kaɗan, amma su ma daga taransfomar suke cika, kuma sai a ƙololuwar kowane zagayen wuta, dalilin da ya sa ake zaɓar VA da ta zarce adadin wat ɗin na'urar, ballantana ma amfilifaya ajin AB, wani sanannen tsarin haɗa ta, takan ɓarnatar da kaso mai yawa na wutarta a matsayin zafi.

Sai dai girma yana da iyakar amfaninsa. Da zarar taransfoma ta wadatar, ƙara mata girma ba ya ƙara wani ingancin da kunne zai kama, sai nauyi da tsada da fizgar wuta mai yawa a lokacin kunnawa. Siffa da mazauni su ma suna da tasiri, domin mai siffar zobe ba ta watsa maganaɗisu kamar mai siffar EI (mai ƙarafa masu kama da haruffan E da I), wadda kan jefa ƙugi cikin sauti idan ta kusanci wayoyin shigarsa. Wasu makaɗan jita kuwa, masu amfani da amfilifayar kwalba (mai aiki da kwalaben lantarki irin na tsohuwar rediyo), da gangan suke neman wannan faɗuwar wuta saboda taushin da take bai wa amo.