Me Ake Nufi da "Lebul" a Jikin Kwalbar Zuma?

A tashoshin mota da bakin masallatan Juma'a, tun daga Zariya har Jalingo, za ka ga zuma a cikin robobin ruwan sha da aka wanke aka sake cikawa. A jikin wasu an manna 'yar takarda mai hoton ƙudan zuma da lambar waya, da manyan baƙaƙe masu cewa zuma ce zalla. Mai talla zai ɗaga maka robar ya ce, "Alhaji, duba, har lebul gare ta." Abin da ya nuna maka sitika ce, ba ta kai lebul ba tukuna.

Kalmar lebul aro muka yi daga Turanci, kuma a bakinmu ta cakuɗe da wasu biyu. Sitika ita ce takardar mai gam da ake mannawa. Tambari shi ne zane ko alamar da ake gane kamfani da ita. Lebul kuwa, a wajen hukuma, shi ne duk bayanin da aka rubuta, ko aka buga, ko aka zana a jikin mazubin abinci. Wato maganar mai kaya ce a rubuce, wadda za a iya kama shi da ita gobe. A kasuwar ƙauye, inda mai saye ya san mai amya ya san gidansu, ba a bukatar haka. Amma da zarar zuma ta bar hannunka ta hau kanta a wani shago a Kano ko Abuja, ba ka nan balle ka rantse, sai takardar ta yi magana a madadinka.

A Najeriya hukumar NAFDAC mai kula da ingancin abinci da magunguna, wadda aka kafa a 1993, ita ke da wuƙa da nama a wannan fage, kuma tana da ƙa'idojin lebul na abincin da aka ƙunshe, waɗanda aka sabunta a 2022. Abubuwan da take nema ba su da wuyar ganewa: sunan abin da ke ciki, yawansa, suna da adireshin mai yi, lambar zubi (wadda ke bambanta kayan da aka zuba tare da sauran), ranar da aka zuba da ranar da ya kamata a gama amfani, yadda za a ajiye, sai lambar rajista. Da Turanci ake rubutawa, amma ba a hana ƙara wani harshe ba. Ni dai da za a bi tawa, kowane mai zuma a Arewa zai ƙara da Hausa, domin masu shan ne ya kamata su fara fahimta.

A wurin sunan ne aka fi yin ganganci. Ma'aunin zuma na duniya, wanda Codex, hukumar tsara ƙa'idojin abinci ta duniya, ta fitar tun 1981, ya ce ba a kiran abu zuma sai in ba a ƙara masa komai ba. Ruwan da ke cikinta kada ya wuce kashi 20 cikin 100. Wannan adadi ya shafi masu amyar gargajiya ƙwarai, saboda wanda ya yi gaggawar ɗiba kafin ƙudan ya rufe saƙa, ko ya matse saƙar haɗe da 'ya'yan ƙuda, zumarsa za ta yi ruwa-ruwa, bayan 'yan makonni ta fara kumfa da tsami, alhali bai yi algus ba. Wanda kuma ya zuba citta ko habbatus sauda, to ba zuma zalla yake sayarwa ba. Sai ya rubuta cewa zuma ce da citta, ya jera kayan haɗin daga mafi yawa zuwa mafi ƙaranci. Haka sunan itace ko na wuri. Ba ka rubuta zumar ɗorawa sai in akasarin furen da ƙudan ya sha na ɗorawa ne, ba ka rubuta Mambila a kan zumar da ka tattaro daga kasuwanni uku. Sunan wuri dukiya ne: farar zumar dutsen Oku na ƙasar Kamaru ta samu rajistar kare sunanta a 2013, don kada wani ya ci da gumin mutanen wannan dutse.

Sai batun awo. Na taɓa zama da wani kawuna yana cika robobi, ya riga ya bugo takardu masu cewa giram 500, saboda robar rabin lita ce. Na ce, "Kawu, bari mu ɗora a sikeli." Muka auna robar babu komai, muka sake aunawa a cike, sai ga zumar ta tasam ma giram 700. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ashe kyauta nake yi ban sani ba." Zuma ta fi ruwa nauyi, lita ɗaya tana kai wajen kilo 1.4. Kuma nauyin da ake rubutawa na zumar ne kaɗai, ban da kwalba da murfi.

Akwai wani wuri da nake so a saurare ni da kyakkyawar zuciya. Mun yi imani da abin da Allah Ya faɗa a Suratun Nahli, aya ta 69, cewa a cikin zuma akwai waraka ga mutane. Amma wannan bai ba mai sayarwa damar jera cututtuka a jikin kwalba ba, ya ce tana warkar da ciwon suga da hawan jini da olsa. A doka, zumar da aka yi wa rajistar abinci abinci ce, kuma ba a yarda lebul ɗin abinci ya yi da'awar warkar da cuta ba. Ka tuna mai ciwon sugan da zai karanta, ya ajiye maganin asibiti ya rungumi kwalbarka, alhali mafi yawan abin da ke cikin zuma nau'o'in sukari ne. Wurin da aka ɓata wajen jera cututtuka, da an rubuta layi ɗaya da ya fi amfani: kada a ba jaririn da bai cika shekara ɗaya ba. Zuma, ko mai kyau ce, tana iya ɗauke da ƙwayar botulizim, cuta mai shanye jiki, wadda cikin babba ke iya shawo kanta amma hanjin jariri ba ya iyawa. A garuruwan da ake lasa wa sabon haihuwa zuma, wannan gargaɗi ba ƙawa ba ne.

Lambar zubi kuwa ba abin tsoro ba ce, kai ne kake ƙirƙirarta. Duk zumar da ka tace ka zuba a rana ɗaya ka ba ta lamba ɗaya, ka rubuta a littafi daga wace amya ta fito da ranar ɗiba. Ran da wani ya kira ya ce tasa ta yi tsami, ka san waɗanne kwalabe za ka bi sawu. Lambar NAFDAC ce ba a ƙirƙira. Sai an duba wurin aikinka, an gwada zumar a ɗakin gwaji, an amince da zanen lebul ɗin, kafin a ba ka. Kwafo lambar wani mutum laifi ne. Saboda haka kada ka je wajen mai buga takardu ka biya kuɗin takarda dubu guda kafin a amince da zanen, don gyaran kalma ɗaya zai iya sa ka zubar da su duka.

Wajen zane, sunan ZUMA da nauyinta su zauna a gaba, da rubutun da dattijo zai karanta ba tare da ya matse ido ba. A zaɓi takarda mai santsi wadda ruwa ba ya jiƙawa, tunda zuma sai ta ɗiga kuma sai an goge. A bar gefen kwalbar a buɗe, mai saye yana so ya ga launi. A ƙasa kuma a ƙara cewa in ta daskare lokacin hunturu ba lalacewa ta yi ba, ba kuma shaidar algus ba ce. A tsoma kwalbar cikin ruwan ɗumi, kada a ɗora ta a wuta.