Komawa Aji A Ƙasar Waje Bayan Shekara Arba'in: Tambayoyi Da Amsoshi

Mutum ya shafe shekara ashirin yana aiki ɗaya, ko aikin ya ƙare, ko ya gundure shi, sai ya fara tunanin tafiya wata ƙasa ya koyi sabuwar sana'a. Ga tambayoyin da suka fi damun masu wannan niyya.

Shekaruna za su hana a ba ni gurbin karatu?

Da wuya. Yawancin makarantu ba sa ƙayyade shekaru. Inda gizo ke saƙar shi ne bayan an gama karatun, lokacin neman izinin aiki da zama. A tsarin Express Entry na Kanada, wato tsarin zaɓen ƙwararrun baƙin da za a ba izinin zama ta hanyar ba su maki, mai shekara 20 zuwa 29 ne ke kwashe cikakken makin shekaru, daga 30 makin ya fara zaizayewa, idan aka kai 45 babu ko ɗaya. Ostiraliya ba ta ba da bizar ƙwararru ta tsarin maki ga wanda ya cika 45, kuma daga watan Yulin 2024 ta mayar da iyakar bizar aiki bayan kammala karatu zuwa shekara 35 ga mafi yawan ɗalibai. A Jamus, wanda ya haura 45 kuma yake neman izinin zama na ƙwararren ma'aikaci a karon farko, sai ya nuna albashi mai kauri ko tanadin fansho.

Don haka lissafin da ya kamata ka yi shi ne: shekara nawa zan kasance ranar da zan karɓi takardar shaida? Mai shekara 42 da ya shiga karatun shekara uku, ya riga ya taka layin kafin ya fito. Abin yana ba ni takaici idan na ga mutum ya sayar da abin da ya tara bai taɓa yin wannan ɗan lissafi ba.

Wace sana'a zan zaɓa?

Wadda ƙasar ke ƙishirwar ma'aikatanta, kuma jikinka zai ɗauka. Aikin jinya da kula da tsofaffi suna da kasuwa a ƙasashen da tsofaffinsu ke ƙaruwa, amma aiki ne na tsayuwa, da ɗaga majinyaci, da kwanan asibiti. Gwiwar ɗan shekara 45 ba ta ɗan shekara 25 ba ce. Sannan ka bincika ko sana'ar tana buƙatar lasisi, domin takardar makaranta kaɗai ba ta ba mutum damar taɓa majinyaci ko haɗa wayar lantarki.

Jamus tana da tsarin da ake kira Ausbildung, inda ake raba lokaci tsakanin aji da wurin aiki, kuma ana biyan mai koyo alawus kowane wata. Na jinya shekara uku ne. Sharaɗinsa harshe: galibi sai da Jamusanci matakin B2, wato iya harshen sosai fiye da tsaka-tsaki, wanda ba a samunsa cikin wata biyu.

Zan iya tafiya da iyalina?

Ya danganta da ƙasar, kuma ƙofar tana ƙara tsukewa. Daga Janairun 2024 Birtaniya ta hana yawancin ɗalibai 'yan ƙasar waje kawo mata ko miji da 'ya'ya, sai masu digirin bincike da waɗanda gwamnati ta ɗauki nauyinsu. Wannan magana ce ta zama da abokin rayuwa a tattauna tun kafin a cike fom. Yaron da ka bari yana shekara goma, kafin ka daidaita ya zama saurayi, kuma kiran bidiyo ba ya raka yaro asibiti cikin dare.

Aikin da zan riƙa yi a gefe ba zai riƙe ni ba?

Kada ka dogara da shi. Birtaniya ta ƙayyade wa ɗalibin digiri awa 20 a mako lokacin zangon karatu, Kanada awa 24. Jamus ma sai ka nuna kuɗin zaman shekara guda kafin biza, wanda a shekarar 2024 aka sa shi yuro 11,904, yawanci a asusun da ake sakar maka kaɗan-kaɗan duk wata.

Yaya zama cikin aji da sa'annin 'ya'yana?

Wannan ya fi jarrabawa wuya ga mutane da yawa. Wanda jiya ake miƙo masa takarda ya sa hannu, yau yarinya 'yar shekara 24 ce ke nuna masa yadda ake gyara shimfiɗar gadon majinyaci, ta ce ya sake domin kusurwar ba ta zauna ba. Yana buɗe baki ya yi bayani, kalmar ta ɓace masa. Akwai ciwo a nan, kuma bai kamata a ɓoye shi ba. Sai dai babba yana zuwa da abin da ba a koyarwa a aji: ya san zama da mutane, ya san lallashin mai fushi, ba ya makara. Masu ɗaukar aiki suna lura da wannan.

Daga ina zan fara?

Daga shafin hukumar shige da fice ta ƙasar da kanta, ba daga bakin dillalin biza ba, domin dokokin suna canzawa kusan kowace shekara. Sai ka rubuta wa hukumar da ke ba da lasisin sana'ar, ka tambaye ta ko ta amince da kwas ɗin da kake shirin biyan kuɗinsa. Kuma ka fara koyon harshen tun kana kan aikinka na yanzu, albashi na shigowa.