Waiwaye: Yadda lasisin jiha ya zama ƙarfen ƙafa ga likitocin gashi 'yan ci-rani a Amurka

A Amurka akwai wani rukunin ma'aikatan lafiya da ba su da asibitin da za su kira nasu. Likitocin gashin ƙashi ne, waɗanda muke ce wa fisiyo, amma aikinsu na ci-rani ne. Kamfanin ɗaukar ma'aikata ke nemo musu gurbi, su sa hannu a kwantiragin da yawanci mako 13 ne, su loda kaya a mota su nufi garin da ake neman su. Yau suna wani ƙaramin asibiti a karkarar Montana, bayan wata uku suna gidan kula da tsofaffi a Teksas. Inda aka nemi ma'aikaci na dindindin aka rasa, ko wata ta tafi hutun haihuwa, su ne ke toshe gurbin. Kuma kafin kowannensu ya ɗora hannu a kan majinyaci, sai ya samu izinin jihar da majinyacin yake.

Amurka ba ta da lasisin aikin gashi guda ɗaya na ƙasa baki ɗaya. Hukumomi 53 ne ke bayarwa: jihohi 50, da gundumar babban birnin ƙasar, da Puerto Rico, da tsibiran Virgin. Kowace da dokarta, da kuɗinta, da ranar ƙarewar takardarta. Wanda ya saba da tsarin Najeriya zai ji abin banbaraƙwai, domin a can hukuma ɗaya ce, MRTB, wadda dokar soja ta 1988 ta kafa, kuma wanda ta ba lasisi yana iya aiki a asibitin ƙashi na Dala a Kano ko a na Igbobi a Legas da takarda ɗaya.

Tushen abin yana cikin tsarin mulkin Amurka. Gyara na goma da aka yi masa a 1791 ya ce duk ikon da ba a miƙa wa gwamnatin tarayya ba, na jihohi ne ko na jama'a, kuma kare lafiyar mutane yana cikin abin da jihohi suka riƙe. A 1889 Kotun Ƙoli ta ƙara tabbatar da hakan a shari'ar wani mai suna Frank Dent, wanda jihar West Virginia ta hukunta saboda yin aikin likita ba tare da cika sharuɗɗanta ba. Kotun ta ce jiha tana da ikon tantance wanda zai yi wa mutanenta magani. A zamanin da masu tallar maganin ƙarya ke yawo gari-gari da kwalabe, wannan hukunci gata ne ga talaka, kuma babu mai hankalin da zai yi jayayya da manufarsa ko a yau.

Ita kuwa sana'ar gashin, da tafiya ta soma. A Yaƙin Duniya na Ɗaya rundunar sojan Amurka ta horar da mata aka tura su asibitocin soja, wasu har Faransa, don su taimaka wa waɗanda suka rasa gaɓoɓi ko jijiya ta mutu musu su sake koyon tafiya da riƙe cokali. Daga cikinsu Mary McMillan ta fito, wadda ta zama shugabar farko ta ƙungiyar da suka kafa a 1921, ƙungiyar da yanzu ake kira APTA. Sai cutar shan-inna ta ɗora. Annobar 1916 ta yi ɓarna a Niyok, a 1952 kuma kusan mutum 58,000 suka kamu a faɗin ƙasar. A waɗancan shekaru ana kwasar masu gashi a kai su duk inda cutar ta ɓarke, su yi makonni suna miƙe ƙafafun yara suna gasa su da tsumma mai zafi. A daidai wannan lokacin ne jihohi ke ta kafa dokokin lasisi ɗaya bayan ɗaya. Pensilbaniya ce ta fara tun 1913, zuwa ƙarshen shekarun 1950 kuma mafi yawan jihohi sun bi sahu. Masu sana'ar da kansu ne suka nemi a yi dokokin, don a bambanta wanda ya yi karatu da wanda kawai ya iya tausa. Sai dai an tsara su ne da tunanin mutumin da zai gama makaranta a jiharsa, ya yi aiki a nan, ya yi ritaya a nan.

Daga baya kusan komai ya dunƙule. An fito da jarrabawar ƙasa ta farko a 1954. A 1986 hukumomin jihohi suka haɗu suka kafa tarayyarsu, FSBPT, wadda ke riƙe da jarrabawar ƙasar, wato NPTE, a yau. Jarrabawa ɗaya ce ga kowa, makin ci ɗaya ne, 600 cikin 800, ko a ina mutum ya zauna ta. Hukuma ɗaya ke tantance makarantun, kuma tun 2016 duk makarantar da aka amince da ita digirin dokta take bayarwa. Karatu ɗaya, jarrabawa ɗaya, maki ɗaya, amma takardar izini ta tsaya a rabe gida 53.

A ɗauki misalin matashiyar da ke da lasisin jiha guda, aka kira ta a waya aka ce akwai gurbi a wata jihar, ana so ta fara nan da mako uku. Ba za ta sake zama jarrabawa ba, amma sai ta cike takardar neman amincewa, ta biya kuɗin sabuwar jihar. Sai ta biya FSBPT ta tura makinta. Sai makarantarta ta aika da sakamakon karatu kai tsaye, domin a wurare da dama ba a karɓa daga hannunta. Sai ta je a ɗauki tambarin yatsunta don binciken hukumar FBI, kuma idan tana wajen jihar, sau da yawa a kan kati za a dangwala da tawada a aika ta gidan waya. Yatsa ɗaya ya ɗan goge, a dawo da katin a sake. Sannan ga abin da ya fi gajiyar da tsofaffin hannu: duk jihar da mutum ya taɓa riƙe lasisinta, ko da ya daɗe da ƙarewa, ana iya neman ta aiko da shaidar cewa ba a taɓa kama shi da laifi ba. Ma'ana, gwargwadon yawan jihohin da ka yi wa hidima, gwargwadon tsawon layin takardun da ke jiranka. Wasu hukumomin suna gamawa cikin kwanaki, wasu sai an yi watanni. Idan ranar fara aiki ta zo lasisi bai fito ba, ko dai a ɗage, ko gurbin ya tafi ga wani.

Ana yawan faɗin wannan a matsayin wahalar ma'aikaci, kuma wahala ce. Amma ni wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne mutumin da ke ɗaya gefen. Dattijon da aka sauya wa gwiwa, idan bai samu mai lanƙwasa masa ita a makonnin farko ba, gwiwar tana iya sandarewa, wani lokaci sai an sake sa shi barci an lanƙwasa da ƙarfi. Wanda ɓarin jikinsa ya shanye, mafi yawan abin da zai farfaɗo a watannin farko yake farfaɗowa. A babban birni akwai wani asibitin a tsallaken titi. A ƙauyen da ma'aikaci ɗaya ne tak ake jira, kowane mako da takarda ta yi a kan tebur daga jikin wani ake cire shi.

Samun lasisin rabin aiki ne, domin sai an riƙa sabunta shi. Mafi yawan jihohi duk shekara biyu ne, kuma sai mutum ya nuna ya yi sa'o'in ƙarin ilimi. Kalifoniya na neman sa'a 30 a shekara biyu, ciki har da na ɗa'ar aiki da na ceton rai na gaggawa. Teksas ma 30 ne, lasisinta kuma yana ƙarewa a ƙarshen watan da aka haifi mai shi. Niyok shekara uku take yi, da sa'a 36. Kwas ɗin da wannan jiha ta karɓa ba lallai waccan ta karɓa ba. Mai lasisi biyar yana da ranaku biyar da zai tsare, da kuɗi biyar, ga shi adireshinsa na sauyawa duk wata uku, wasiƙar tunatarwa tana iya sauka a gidan da ya bari tuni. Ya yi kuskure ya duba majinyaci kwana ɗaya da lasisin da ya ƙare, a ido na doka ya yi aiki ba izini, kuma tabon zai bi shi duk jihar da ya nema nan gaba. Shi ya sa da yawa suke ci gaba da biyan kuɗin lasisin jihar da ba su da niyyar komawa kusa, domin farfaɗo da wanda ya mutu ya fi tsada da wahala.

Jihohi ma suna da hujja a wuri ɗaya, kuma ya kamata a faɗe ta. Abin da doka ta yarda likitan gashi ya yi ya bambanta. A wasu jihohin majinyaci na iya zuwa wurinsa kai tsaye ba iyaka, a wasu kuma bayan 'yan kwanaki ko 'yan ziyara sai an samu sa hannun likita. Soka siraran allurai marasa magani a tsoka don sassauta ciwo halal ne a jihohi da yawa, amma Kalifoniya da Niyok ba su yarda mai gashi ya yi ba. Don haka gajeren gwajin dokokin jiha da wasu ke buƙata yana da ma'ana. Abin da ba shi da ma'ana shi ne a sake tantance digirin da aka riga aka tantance sau huɗu.

Ma'aikatan jinya ne suka fara nuna mafita. A shekarar 2000 yarjejeniyarsu ta fara aiki, inda jihohin da suka shiga suka amince da lasisin juna. Masu gashi sun ɗauki lokaci kafin su bi. An kammala daftarin tasu yarjejeniyar, PT Compact, a 2015. Oregon ce ta fara mayar da ita doka a 2016, kuma sharaɗin shi ne ba za ta fara aiki ba sai jihohi goma sun shiga. Jihar Washinton ta cike goman a Afrilun 2017, a Yulin 2018 kuma Misuri da Tenesi da Dakota ta Arewa suka fara bayar da izini. Yanzu jihohin da suka shiga sun haura 30.

Yadda take aiki ya sauƙaƙa abubuwa ƙwarai. Wanda jihar zamansa ke ciki, yana da lasisinta lafiyayye, ba a hukunta shi ba cikin shekara biyu, yana iya shiga intanet ya sayi izinin aiki a wata jihar da ke ciki. Zai biya dala 45 ga hukumar yarjejeniyar, ya ƙara da kuɗin da jihar ta yanka, ya yi gwajin dokokinta idan tana buƙata. Abin da ke cin watanni yana iya ƙarewa a zama ɗaya. Ƙarin ilimin jihar zamansa kaɗai zai cika, kuma duk izinin da ya saya suna ƙarewa rana ɗaya da lasisin gida. Kariyar majinyaci ba ta ragu ba, ta ma ƙaru, domin jihohin suna musayar bayanan ladabtarwa, kuma wanda aka ƙwace wa izini a jiha ɗaya ya rasa sauran gaba ɗaya har sai ya cika sharuɗɗa.

Sai dai an ɗaure komai ne a kan kalmar gida, wato daidai wurin da ɗan ci-rani ya fi rauni. Yarjejeniyar ba ta duba inda ka fara samun lasisi, inda kake zaune na dindindin take dubawa, kuma lasisin tuƙi ne shaidar da aka fi nema. Mazaunin jihar da ba ta shiga ba, ko yana da lasisin jihohi uku da ke ciki, ba zai amfana ba. Wanda ya sauya jihar zama, sai ya sake lissafi daga farko. A gefe guda ga hukumar haraji ta IRS da nata ma'aunin gidan: kuɗin masauki da abinci da kamfani ke bayarwa ba haraji, wanda shi ne ribar wannan aiki, yana halatta ne ga wanda ke da gida na gaskiya da yake ci gaba da kashe wa kuɗi, kuma aikin da ya wuce shekara a wuri ɗaya ya daina zama na wucin gadi. Har zuwa 2024 Kalifoniya da Niyok, biyu daga cikin jihohin da suka fi yawan jama'a da guraben aiki, ba su shiga ba.

Annobar korona ta gwada tsarin a 2020. Gwamnoni da dama sun dakatar da sharaɗin lasisin jiha na ɗan lokaci don ma'aikatan lafiya daga waje su shigo, aka kuma buɗe ƙofar duba majinyaci ta bidiyo. Da dokar ta-ɓaci ta ƙare, mafi yawan sassaucin ya ƙare tare da ita. Wani sassaucin daban da ya zo daga baya shi ne na iyalan sojoji, inda a Janairun 2023 aka sa hannu a dokar tarayya da ta ba matar soja ko mijin soja damar aiki da lasisinsu a jihar da aka mayar da su. Matsalar kuwa ba ta masu gashi kaɗai ba ce, domin tun a 2015 wani rahoton fadar White House ya nuna cewa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ma'aikatan Amurka sai da lasisin jiha suke aiki, alhali a farkon shekarun 1950 ba su kai kashi biyar cikin ɗari ba.

Ga wanda ya yi karatunsa a wajen Amurka, a Bayero ko Ibadan ko Alkahira, akwai wata ƙofar kafin duk waɗannan. Sai wata hukuma irin FCCPT ta auna kwasa-kwasansa ɗaya bayan ɗaya da na makarantun Amurka, inda aka samu giɓi ya koma ya cike. Jihohi da dama na neman jarrabawar Turanci ta TOEFL, wasu kuma sai ya yi watanni yana aiki ƙarƙashin kulawar wani kafin a ba shi cikakken lasisi. An ƙara tsaurara musu bayan 2010, lokacin da FSBPT ta dakatar da waɗanda suka yi karatu a Masar da Indiya da Pakistan da Filifin daga zama jarrabawar na wani lokaci saboda fitar da tambayoyi. Bayan nan ne aka koma yin ta a ranaku ƙayyadaddu, yanzu sau huɗu a shekara, kuma tun 2016 sau shida kaɗai mutum zai iya gwadawa a rayuwarsa. Irin wannan ɗalibi zaɓen jihar farko ya fi komai muhimmanci gare shi, domin sharuɗɗanta ne za su yanke tsawon jiransa, kuma idan a can zai zauna, kasancewarta cikin yarjejeniyar ko a waje ita za ta nuna jihohi nawa zai iya shiga daga baya ba tare da ya sake tara takardun nan daga tushe ba.