Mene ne bangon faifai, kuma me ya sa na zamanin kiɗan rok ya fita daban?

Bangon faifai shi ne kwalin da ake zura faifan garmaho a cikinsa, haɗe da duk abin da aka buga a jikinsa: hoto ko zanen gaba, jerin waƙoƙin da ke baya, da ɗan siririn rubutun da ke ƙeyarsa. Yau in matashi ya ce bangon albam, yana nufin ɗan hoton nan mai kusurwa huɗu da ke fitowa a fuskar waya yayin da waƙa ke tafiya. Asalinsa kuwa kaya ne na riƙewa a hannu, mai awo da nauyi da gam, mai wurin da yake fara yagewa. Sai an san wannan kafin a gane dalilin da bangwayen kiɗan rok na tsakanin 1965 da 1980 suka zo da irin kamar da suka zo da ita.

Ita kanta kalmar albam daga kundin hotuna aka aro ta. Tsohon faifai mai juyawa sau 78 a minti ba ya ɗaukar fiye da minti uku zuwa biyar a kowace fuska, don haka dogon kiɗa sai an raba shi a faifai da dama, a jera su cikin wani littafi mai aljihunan takarda, kamar dai kundin hotunan biki. Bangon irin wannan littafi ba ya da wani ado, suna kawai ake bugawa. Wani matashin mai zane a kamfanin Columbia na Amurka, Alex Steinweiss, shi ya shawo kan shugabanninsa suka yarda a sa zane a kai, na farkon ya fito a 1940. A 1948 kamfanin ya fito da faifai mai dogon zango, faɗinsa inci 12, yana juyawa sau 33 da sulusi a minti, kowace fuska tana ɗaukar sama da minti 20. Littafin ya tafi, sunan ya zauna, kwali guda ya maye gurbinsa.

Awon wannan kwali shi ne tushen komai. Tsawo da faɗi ɗaya ne, kimanin santimita 31.4, ƙeyarsa kuma ba ta wuce milimita 3 zuwa 4 ba idan faifai ɗaya ne a ciki. Akwai kuma rigar ciki, ta takarda ko mai shafin leda, wadda ke hana kwalin goge faifan. Hanyar haɗa kwalin ta bambanta tsakanin ƙasashen biyu da suka fi buga wannan kiɗa. A Amurka an fi buga hoton a takarda daban, sannan a manna ta a kan kwali mai kauri. A Ingila kai tsaye ake bugawa a kan kwali marar kauri, a lulluɓe gaban da leda mai sheƙi, a naɗo leɓɓansa ta baya a liƙe. Shi ya sa mai tara faifai yakan gane bugun ƙasar da ke hannunsa tun kafin ya karanta komai, da yatsa kawai. Sai kuma bango mai ƙyaure biyu, wanda ke buɗewa kamar littafi ya ba da fili mai faɗin kusan santimita 63. Da farko don faifai biyu aka fi yin sa, amma mawaƙan rok suka riƙa neman sa ko da faifai ɗaya ne, saboda filin zane.

Wanda ya sauya lissafin kuɗin wannan sana'a shi ne bangon Sgt. Pepper's Lonely Hearts Club Band na ƙungiyar Beatles, a 1967. Peter Blake da Jann Haworth ne suka tsara shi, Michael Cooper ya ɗauki hoton a ɗakin aikinsa da ke Landan ranar 30 ga Maris. Taron mutanen da ake gani a bayan mawaƙan ba haɗin bayan fage ba ne. Hotuna ne aka faɗaɗa su zuwa girman mutum, aka shafa musu launi da hannu, aka manna a katako aka yanke, aka jera sahu-sahu tare da wasu gumakan kakin zuma, sannan aka ɗauki duka a hoto ɗaya. Aikin ya ci kusan fam 3,000 a lokacin da bango ba ya wuce fam 50. Kamfanin EMI, mai buga faifan Beatles, ya ji tsoron ƙara a kotu, ya ce sai an nemi izinin duk mai rai da ke cikin hoton. Ɗan wasa Leo Gorcey ya nemi a biya shi dala 400, aka shafe fuskarsa da fenti. Gandi ma an cire shi, don gudun ɓata wa kasuwar Indiya rai. An kuma buga baitocin waƙoƙin gaba ɗaya a baya, abin da ba a saba gani ba a faifan rok.

Shekara na zagayowa sai ƙungiyar ta juya akalar gaba ɗaya. Richard Hamilton ya ba su farin bango fat, sunansu an danna shi ya kumburo ba tawada, sai lamba ta daban a kan kowane kwafi. A 1969 kuma, don Abbey Road, Iain Macmillan ya hau tsani a tsakiyar titi, ɗan sanda ya tare motoci na kamar minti goma, ya ɗauki hoto shida kacal na mawaƙan huɗu suna tsallaka hanya, aka zaɓi ɗaya. Babu sunan ƙungiya a gaba, babu sunan albam. Ga kamfani wannan ganganci ne, domin a shago kwalayen a jere suke cikin akwati, mai saye yana bi da yatsa yana duba saman kowanne, shi ya sa al'adar ita ce a sa suna a kashi ɗaya bisa uku na sama. Sai wanda fuskarsa ta ishe shi talla ke iya karya wannan doka.

Inda sana'ar ta fi zurfi, a ganin masu yawa, shi ne gidan zane na Hipgnosis a Landan, na Storm Thorgerson da Aubrey Powell. A tuna babu kwamfutar gyaran hoto a lokacin. Idan ana son abin da ba ya yiwuwa, hanya biyu ce: ko a aikata shi da gaske a gaban kyamara, ko a wanke hotuna da yawa, a yanka da aska, a manna, mai gyara ya bi tabon yankan da feshin fenti ya ɓatar, sannan a sake ɗaukar hoton abin da aka haɗa. Don bangon Wish You Were Here na ƙungiyar Pink Floyd a 1975, hoton mutum biyu suna musafaha, wuta aka cinna wa ɗayansu da gaske a harabar kamfanin fim na Warner Bros. a Kalifoniya. Ronnie Rondell ya sa rigar kariya a ƙarƙashin kwat ɗinsa, da hular kariya a ƙarƙashin gashin aro, amma iska ta juyo da harshen wutar ta babbake masa gashin baki. Sai aka sauya wa mutanen biyu wurin tsayuwa, daga baya aka juya hoton. Don albam ɗinsu na Animals kuma, a Disamban 1976, aka ɗaure ƙaton balan-balan mai siffar alade tsakanin bututun hayaƙin tashar lantarki ta Battersea da ke Landan. Ranar farko an tanadi maharbi ko da zai tsinke. Rana ta biyu ba a kira shi ba, ranar ce kuwa igiya ta katse, aladen ya bi iska ya ratsa hanyar jiragen saman filin Heathrow, ya je ya faɗi a wata gona a Kent. Bayan duk wannan wahala, hoton da aka buga haɗi ne: sararin samaniyar ranar farko ya fi kyau, sai aka yanko aladen wata rana aka manna a kai.

Abin mamaki, aikin Hipgnosis da ya fi shahara ba a sha irin wannan wuya a kansa ba. Bangon The Dark Side of the Moon na 1973 zane ne da George Hardie ya fitar: baƙin fili, dalar gilashi, farin haske ya shiga ta hagu ya fito bakan gizo ta dama. Mai ƙirgawa zai ga launi shida ne, an bar shuni. Zaren launukan ya zarce cikin ƙyauren, inda koren ya koma layin bugun zuciya, ya zagayo baya ya shiga wata dalar, ta yadda in mai shago ya jera kwafi da yawa gefe da gefe sai hasken ya yi ta tafiya ba yankewa. Wani mai zanen daban, Roger Dean, wanda aka fi sani da duniyoyin mafarkin da ya zana wa ƙungiyar Yes, shi ne ma ya zana giwaye masu fukafukai a albam na farko na Osibisa a 1971, ƙungiyar da mawaƙan Gana suka kafa a Landan.

Matsala takan zo ne idan mai zane ya manta cewa kwalin nan akwatin kaya ne. Bangon Sticky Fingers na Rolling Stones, 1971, dabarar Andy Warhol ce: hoton wandon jins da zif na gaske mai zugewa. Da aka jibga kwalaye aka ɗora a mota, nauyi ya danna kan zif ɗin cikin faifan da ke kusa, daidai kan waƙa ta uku a fuska ta biyu, allura ta riƙa tsalle a wurin. Craig Braun, wanda ya kula da haɗa kwalin, ya samo maganin da bai ci ko sisi na sabon kaya ba: a zuge zif ɗin ƙasa kafin a shirya kaya, kansa ya sauka a kan takardar tsakiyar faifai inda babu waƙa. Physical Graffiti na Led Zeppelin, 1975, tagogi aka huda a hoton wasu benaye biyu na titin St. Mark's Place a New York, rigar ciki ita ke nuna abin da ke kowace taga. Benayen sun yi wa murabba'i tsawo, sai Peter Corriston ya yanke hawa ɗaya. Kyan abin ba ya hana gefen tagogin kamawa ya yage duk lokacin da aka zura rigar da gaggawa. Wani kuskure mai tsada kuwa na kamfanin Capitol ne a 1966, da suka buga kusan kwafi 750,000 na Yesterday and Today da hoton Beatles cikin rigunan mahauta da tsokar nama da sassan 'yar tsana. Dillalai suka ƙi karɓa, aka janye, aka manna sabon hoto a kan da yawa daga cikinsu.

Mai son tsara bango yau, tunda buga faifan garmaho ya farfaɗo, waɗannan dokoki ba su canja ba. Ana aiki da launuka huɗu na maɗaba'a, shuɗi da ja mai ruwan hoda da rawaya da baƙi, ba launukan fuskar kwamfuta ba, in ba haka ba shuɗi mai haske zai fito a dushe. Ana barin rarar milimita 3 a kowane gefe saboda wuƙar yanka ba ta sauka daidai kullum, rubutu kuma a ja shi ciki da kamar milimita 5. Ɗigo 300 a kowane inci ake bukata, wato hoto mai faɗin fiksel kusan 3,800. Wanda aka shirya wa manhajojin sauraro yawanci 3,000 ne, bai kai ba. Baƙin fili babba, irin na dalar gilashin nan, tawadar baƙi kaɗai ba ta rufe shi, yakan fito toka-toka, sai an shimfiɗa sauran launukan a ƙarƙashi, amma jimillar tawada kada ta haura kashi 300 cikin ɗari, don ba za ta bushe da wuri ba, ta ɓata takardar da ke samanta. Ƙananan fararen haruffa a kan irin wannan baƙi su ma haɗari ne: farantin launi ɗaya ya goce kaɗan, sai harafi ya yi inuwa. Rubutun ƙeya shi ya fi ba da ciwon kai, gocewar milimita 1 ta isa ta hau da shi kan gaba.

Da faifan CD ya zo a 1982, filin zane ya koma santimita 12, kusan kashi ɗaya bisa bakwai na da. A waya bai kai kan babban yatsa biyu ba. A wannan girma taron Sgt. Pepper ya zama dambu, ba a tantance kowa, zif da tagogi sun zama hoto kawai, amma dalar gilashi da mutum huɗu a kan zanen titi ana gane su daga nesa.

Masu tara tsofaffin faifai da kwalin suke fara ciniki. Suna duba zoben da faifai ke fitarwa a fuskar bango idan an jibge shi a kwance, da fashewar ɗinkin ƙasa inda gefen faifai ya yanka kwali a hanya, da lanƙwasar da ledar kanti ke jawowa idan ta tsuke. Shi ya sa ake ajiye su a tsaye, a kuma fitar da faifan daga kwali in za a aika shi nesa. Kwafin Yesterday and Today da ba a taɓa manna masa komai ba ya fi wanda aka ɓare daraja nesa ba kusa ba. Farin albam ɗin nan na Beatles mai lamba 0000001, wanda ya kasance a hannun makaɗin gangarsu Ringo Starr, an yi gwanjonsa a 2015 a kan dala 790,000.