Doka ta 97: yadda New York ke cin tarar gine-gine kan hayaƙinsu

Da an ambaci hayaƙin da ke ɗumama duniya, motoci ne ke fara faɗo wa mutum a rai. A birnin New York kuwa, kusan kashi biyu bisa uku na hayaƙin daga gine-gine yake fitowa, sufuri na biye da su, sannan shara. Garin na da hunturu mai tsanani, kuma a ƙarƙashin yawancin benayen nan akwai ƙatuwar tukunya da ke ƙona gas ko mai, tana tura tururi ko ruwan zafi ta bututu zuwa ɗakuna. Ga kuma wutar da lifta da na'urorin sanyaya ɗaki ke sha, wadda akasarinta da gas ake samar da ita.

Shi ya sa majalisar birnin ta zartar da Doka ta 97 a 2019. Ta hau kan gine-ginen da jimillar faɗinsu ya haura murabba'in ƙafa 25,000. An yanka wa kowane gini iyakar hayaƙin da zai fitar a shekara, gwargwadon girmansa da aikin da ake yi a ciki, tunda asibiti da rumbun ajiya ba za su ci wuta daidai ba. Iyakar ta fara aiki a 2024, za a ƙara matse ta a 2030.

Babu wanda ke hawa rufi yana auna hayaƙi. Ana duba yawan gas da mai da lantarkin da ginin ya ci a shekara, a mayar da shi tan na iskar kabon. Injiniya ko mai zanen gini mai lasisi ya sa hannu, a miƙa wa Sashen Gine-gine na birnin zuwa 1 ga Mayu. Duk tan ɗaya da ya haura iyaka, tararsa na iya kaiwa dala 268. Wanda ya zarce da tan 500 ke nan dala 134,000 na jiransa, kuma baɗi ma haka, sai ranar da ya gyara tukunyar, ya toshe kafofin da ɗumi ke zurarewa, ko ya koma ɗumama gida da lantarki.

An sassauta wa wuraren ibada da gidajen da gwamnati ta ƙayyade kuɗin hayar sama da kashi 35 cikin ɗari na ɗakunansu. Su jerin gyare-gyare aka ba su su aiwatar.

Inda dokar ta fi rauni, a ganina, shi ne damar sayen takardun shaidar makamashi mai tsafta, wato masu nuna an samar da lantarki daga irin su rana, iska ko ruwa, don rage lissafin hayaƙin ginin. Mai kuɗi na iya biya ya zauna lafiya bai taɓa ko waya ɗaya a gininsa ba. Sai dai hayaƙin ɓangaren lantarki kaɗai takardun suke shafewa. Gas ɗin da tukunya ta ƙona yana nan a wuyan mai ginin.