Ƙa'idar BCP 140: wa sabar DNS ɗinka take amsa wa?

Masu sayar da wayfai a Yelwa da Wunti, da masu kula da cibiyoyin jarrabawar kwamfuta a garin Bauchi, akwai ƙa'idar da ta shafe ku kai tsaye. Ƙungiyar IETF, mai tsara ƙa'idojin fasahar intanet, ita ce ta fitar da ita a watan Oktoba na 2008, cikin takardar RFC 5358, wadda ake kira BCP 140. Ba dokar majalisa ba ce, kotu ba za ta ci ka tara a kanta ba, amma ita ce mizanin da injiniyoyin intanet ke auna aikin juna da shi.

Abin da ta ce a taƙaice: sabar da ke nemo wa kwastomominka adireshin shafuka, wato sabar DNS, kada ta yi wa baƙon waje wannan hidima. Rautarka tana da ƙofa biyu, ɗaya ta cikin shago, ɗaya mai fuskantar intanet. Idan ka bar sabar tana sauraro a 0.0.0.0, wato a kowane adireshin na'urar, ka buɗe duka biyun ke nan.

Ga inda ɓarnar take. Tambayar DNS galibi tana tafiya ne ta hanyar aika saƙo da ake kira UDP, mashiga ta 53, kuma UDP ba ya tantance mai aikowa. Sai mugu ya aiko ƙaramar tambaya, ya manna mata adireshin wanda yake so ya cutar. Sabarka ta ɗauki amsar da ta ninka tambayar sau da yawa, ta jibga wa bawan Allah da bai tambaye ta komai ba. Da irin waɗannan sabobi aka kai wa Spamhaus, ƙungiyar da ke yaƙi da saƙonnin banza na imel, hari a watan Maris na 2013, har ya kai kusan gigabit 300 a daƙiƙa. Datar da ka saya da guminka ce ke ƙonewa, kwastoma kuma na ƙorafin netiwok ya yi nauyi. Wannan kaɗai ya isa mutum ya tashi ya duba.

Takardar ta ba da hanyoyi, biyu daga ciki su ne namu: zaɓar ƙofar da za a saurara, da tace masu tambaya ta adireshinsu. Kowace manhajar DNS da nata saitin. A BIND, listen-on ke zaɓar ƙofa, allow-recursion ke zaɓar mutane. A dnsmasq akwai interface da listen-address. Unbound kuwa tun asali a 127.0.0.1 da ::1 kawai, wato cikin na'urar kanta, take sauraro sai ka ƙara mata. Masu rautar MikroTik su fi kowa lura: da zarar ka kunna allow-remote-requests, rautar za ta amsa ta kowace ƙofa, sai ka toshe mashiga ta 53 ta ɓangaren WAN, wato ƙofar da ke fuskantar intanet, UDP da TCP duka. Ni dai shawarata a haɗa hanyoyin biyu, don wata rana wani zai taɓa saitin bai sani ba.

Sabar da ke riƙe da sunan shafinka na kanka daban take, dole duniya ta same ta. Ita neman adireshin wasu kawai za a kashe mata.

In ka gama, kashe wayfai, ka haɗa kwamfuta da datar waya, ka yi amfani da umarnin nslookup ka tambayi adireshin rautarka na waje ya nemo maka google.com. Idan ya ba ka adireshin google.com, ƙofar tana buɗe. Mai IPv6, wato sabon tsarin adireshin intanet, ya gwada ta can ma, domin a BIND saitinsa daban ne, listen-on-v6.